Gashin Hagu da Gashin Dama

Kibiyar da na gada ba ta da gashi. Mahaifina maharbi ne, kuma shi yake haɗa kibansa da kansa. Yakan yanko kyauro a fadama, ya shanya, ya miƙar da shi a kan garwashi, ya soka ƙarfen da maƙeri ya yi masa, ya ɗaure da jijiya. A gindi tsaga ce kawai inda tsirkiya take shiga. Da irin wannan kibiya ya ciyar da mu, ban kuma taɓa jin ya ce ta rasa wani abu ba. Shi ya sa ranar da na fara ganin kibiya mai gashin tsuntsu uku a gindi, na ɗauka ado ne.

A unguwar Gwarinpa ta Abuja na gan ta. Lokacin ina gadin wani gida, gemuna ya riga ya fara fari, iyalina kuwa suna Kurudu inda na gina ɗan ɗaki biyu. Bayan gidan da nake gadi akwai fili da ba a gina ba. Duk Asabar da safe wata mata takan zo da mota, ta sauke bakuna da allunan da ake auna bara a kansu, ta koya wa mutane harbi. Ma'aikatan ofis ne yawancinsu, maza da mata, masu son motsa jiki. Ita ta yi ritaya daga aikin gwamnati, mutuniyar Filato ce, Hausa a bakinta kamar tawa. Kowa Madam yake ce mata.

Wata rana na tsinci kibiyar katako da suka yar saboda ta karkace. Na miƙar da ita a kan garwashin shayina, kamar yadda na ga mahaifina yana yi, na kai wa Madam. Ta kanne ido ɗaya ta duba tsawonta, ta harba, ta juyo.

"Baba, ina ka ɓoye wannan hannun duk shekarun nan?"

Daga nan gyaran kibau ya zama nawa. Da ƙafa ta gaji na bar gadi, shi ne ya zama sana'ata. Asabar ina Gwarinpa. Tsakiyar mako nakan je wajen wasu ɗalibanta da suka buɗe nasu filin a hanyar Bwari. Duk a motar haya nake zuwa, jakata a kan cinya, mutum huɗu a kujerar baya.

Miƙar da kibiya ba ya ba ni wuya. Gashin ne ya gagare ni. Madam ta fahimtar da ni cewa ba ado ba ne, shi ke riƙe gindin kibiya a iska don kada ta yi lilo. Dole gashi uku su zauna da tazara ɗaya tsakaninsu, kada wani ya fi wani matsowa. Da ido nake aunawa in ɗaure da zare, kuma idona ba na saurayi ba ne. A gidanta tana da wani ƙarfe da ake yin wannan aiki da shi, jig take ce masa. Ana kwantar da kibiya a cikinsa, a saka gashi a wani baki mai matsewa, a shafa gam, a ɗora, a jira ya kama, sannan a murɗa kibiyar zuwa wurin gashi na gaba. Amma nata a kafe yake jikin tebur, nauyinsa ya kai na dutsen niƙa ƙarami. Ni kuwa wanda zai shiga jaka nake bukata.

Kafin in faɗi yadda na zaɓa, sai na faɗi wane ne abokina, don a kansa zaɓin ya ƙare.

Tun zuwana Abuja na san shi, muna leburanci tare a wajen gini. Mutumin Gbagyi ne, Kirista, ƙauyensu na bayan Bwari. Shekarar da aiki ya tsaya na rasa abin kai wa baki, shi ya kai ni gidansu, ya yanka mini gefen gonarsa na shuka masara. Yana sassaƙa turmi da kujera, yana kuma kiwon talotalo masu yawa, shi ya sa nake tsokanarsa da Sarkin talotalo, daga baya ya koma Sarki kawai. Shi kuma Malam yake ce mini, ko da yake ya san karatuna bai wuce firamare da allo ba. Hausarsa a hankali take fita. Yakan tsaya ya nemo kalma kamar mai laluben allura a aljihu, ni kuwa nakan riga shi in ƙarasa masa maganar. Shekara da shekaru ina yi masa haka, ban taɓa ganin laifi a ciki ba.

Gashin da Madam take amfani da shi daga waje ake kawo shi a leda, kuma na talotalo ne. Da na ji haka sai na ce ai ga shi can ana zubarwa a bayan Bwari. Lokacin Kirsimeti masu saye sukan yanka a gidan Sarki su fige a can, fukafukan su tafi juji. Na yi masa magana, ya yi murna ƙwarai. Ba don abin da zai samu ba, don dai an ce wani abu na gidansa zai yi amfani a cikin gari. Har ya biyo ni gidan Madam sau ɗaya ya ga ƙarfen nata. Ya zagaya shi, ya auna da tsinken tsintsiya.

Ƙanen Madam zai dawo daga ƙasar waje, ta ce in zaɓi irin jig ɗin da nake so ya taho mini da shi. Muka zauna a inuwar motarta tana nuna mini hotuna a waya. Akwai na ƙarfe mai maganaɗisu, ingantacce, amma ko shi zai karya mini kafaɗa daga Kurudu zuwa Bwari. Akwai na roba mai hannu uku da ke rungume kibiya ya liƙa gashi uku lokaci ɗaya, girmansa bai wuce tocila ba. Raina ya so shi, sai Madam ta ce an yi shi ne don siraran kibau na zamani, namu na katako sun yi masa kauri. Akwai kuma na tsakiya, mara nauyi, ana kwance shi gida biyu ya shiga jaka. A kansa muka tsaya.

Sai ta ce saura baki. Iri uku ne: miƙaƙƙe, da mai murɗe zuwa dama, da mai murɗe zuwa hagu. Nata miƙaƙƙe ne, shi kaɗai ta sani, don ita maharbiya ce, ba mai haɗa kibau ba. Ta karanta abin da aka rubuta ta ce mai murɗe yana sa kibiya ta riƙa juyawa a iska, ta fi tafiya sak.

"To mai murɗe," na ce.

"Dama ko hagu?"

Har dariya na yi. Da dama nake cin abinci, da dama nake gaisawa, da ƙafar dama nake shiga masallaci. Wa zai bar dama ya ɗauki hagu? Na ce mata dama, ban ƙara tambayar komai ba. Akwai sauran rubutu a ƙasa, ta ce ko ta ci gaba da karantawa, na ce ta bari, rana ta yi. Tunanin da na yi a kan nauyi da girman jaka ya kai na mako biyu. Wanda na yi a kan bakin bai kai na shan kofin ruwa ba.

Kafin saƙon ya iso, na je wajen Sarki karɓar gashi. Na tarar ya ɗaure su dami biyu, ɗaya da jan tsumma, ɗaya da baƙi. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a nannaɗe cikin buhu. Jig ne ya sassaƙa da katako, yana naɗewa kamar kujerar tafiya, da ramuka uku da ya ƙona da ƙusa don juya kibiya. Bakinsa biyu ne, na gora da ya fafe ya gasa har suka ɗan lanƙwashe, kowanne ya kalli nasa gefen.

"Wannan na jan tsumma, wannan na baƙi," ya ce. "Kada ka haɗa su, Malam. Hannun dama daban, hannun hagu daban."

"Tsuntsu ɗaya ne fa, Sarki."

"Tsuntsu ɗaya, amma..." Ya tsaya neman kalma. Ya ɗauki gashi ɗaya daga kowane dami ya kwantar a tafin hannunsa yana so ya nuna mini wani abu.

"Amma duk gashi ne," na ƙarasa masa, na karɓe su na mayar cikin damin.

Matarsa tana gefe tana feraye doya. Ta ce, "Malam, ka bar shi ya gama mana. Kullum kai ne mai kai masa magana gida."

Muka yi dariya mu uku. Na ci sakwara, na ɗauki kayana na tafi.

Na katakon nan ban taɓa gwada shi ba, ko sau ɗaya. Kunyarsa na ji. Na hango kaina ina buɗe shi a gaban mutanen Gwarinpa masu zuwa da manyan motoci, na tura shi ƙarƙashin gado. Duk sanda Sarki ya tambaye ni sai in ce yana nan yana aiki. Da na waje ya iso, baƙi mai sheƙi, na riƙa fito da shi ko ba a bukata don a gani.

Damin gashin kuwa na kwance su duka a kan tabarma, na sake ware su yadda idona ya so: masu dogon zane tare, masu duhu tare, gajeru tare. Na tsaga su, na kankare gindinsu, na yanka su siffa ɗaya. Da na fara liƙawa sai na lura wasu suna kwantawa luf a jikin kibiya, wasu kuwa suna ɗaga kai ta gaba kamar ba sa so. Waɗanda suka ƙi, sai in ƙara gam in danne da babban yatsa har su yi shiru. A raina na ce taurin gashin ƙauye ne.

Na gama kibau dozin biyu. Madam ta ce ranar Asabar za a yi ɗan taro, ɗalibanta na wurare biyu za su gwada hannu, a harba sababbin kibau na gida. Ta ce in gayyato mai talotalon. Sarki ya zo tun da sassafe cikin rigar da yake zuwa coci da ita, da hula sabuwa. Madam ta gabatar da shi, aka tafa masa. Ya zauna a kujerar roba ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana kallon kibau a kan tebur kamar mai kallon 'ya'yansa ranar rufe makaranta.

Tun harbin farko abin bai yi daɗi ba. Wasu kibau suka tafi daidai, wasu suka riƙa kaɗa gindi suna wani irin huci a iska, suka sauka gefe. Mutane suka fara kallon juna. Cikin ɗaliban akwai wata nas, mai natsuwa, wadda ta fi kowa hannu. Bakanta na katako ne, irin wanda kibiya take kwanciya a bayan hannu. Ta ja, ta saki, sai ta yi ƙara ta yar da bakan. Kan gashi ɗaya ya ɓamɓare daga jikin kibiyar, tsininsa ya shige mata fata tsakanin babban yatsa da manuni, ya karye a ciki. Jini ya sauko mata har gwiwar hannu.

Aka rufu a kanta. Madam ta ɗauko kibiyar ta duba, ta ɗauko wata ta sa farce ta ɗaga gashin, ya taso ba wuya. Ta juyo wurina, fuskarta ba wasa.

"Baba, mene ne wannan?"

Na san akwai waɗanda suka ƙi kwanciya, na san ni na danne su. Da na faɗi haka kawai, da ya wadatar. Amma ga mutane sun kewaye ni, ga jig ɗina mai sheƙi a kan tebur, ga sana'ar da na samu da tsufa tana rawa. Na ce:

"Madam, aikina kin san shi. Na'urar nan kuma daga waje ta zo, ba ta kuskure. Gashin ne. Talotalon ƙauye mai cin juji, me za a samu a jikinsa?"

Sarki ya miƙe. Ya zo ya ɗauki kibiya ɗaya, ya juya ta, ya ɗauki wata. Na ga ya gane wani abu.

"Madam, wannan an haɗa. Wannan na nan, wannan kuma..." Ya ɗaga hannunsa na hagu yana neman kalmar.

Ban bar shi ya same ta ba. Na yi masa ruwan magana. Na ce tun farko na yi shakka, na ce zumunci ne ya sa na karɓa, na ce kiwo daban, sanin kibiya daban, ni ɗan maharbi ne shi kuwa turmi ya iya. Daga ƙarshe na kira shi da sunan da mutanenmu suke kiran mutanensu idan suna so su raina su. Ba zan rubuta shi a nan ba. Wasu suka yi dariya, irin ta mutanen da hankalinsu ya tashi suka samu inda za su sauke shi.

Sarki ya ajiye kibiyar a hankali. Ya je wurin nas ɗin ana ɗaure mata hannu, ya cire hula ya ce, "Sannu, 'yata. Ki yi haƙuri." Sannan ya bi bakin titi ya tafi. Madam ta kira shi ta ce a kai shi tasha, bai waiwayo ba.

Hannun nas ya warke. Muka koma gashin leda, kowanne ya kwanta luf a bakin jig ɗina, kibau suka riƙa tafiya sak. Kowa ya ce lalle gashin ne. Ni ma na yarda, don yardar ta yi mini daɗi. Na ce wa kaina na yi zafin baki, amma a kan gaskiya na yi. Na yi niyyar in bar shi ya huce sannan in je. Kirsimeti ta zo ban je ba. Da salla, shi da bai taɓa fashin aiko mini da doya ba, bai aiko ba. Duk mako motar hayar da nake shiga takan wuce mahaɗar ƙauyensu, in kau da kai.

An fi shekara a haka, sai aka kawo wata ledar gashi da ta ƙi ni. Duk wanda na saka sai ya ɗaga kai ta gaba, daidai yadda wasu na Sarki suka yi. Na kai wa Madam. Ta juya ledar ta karanta, ta duba waya, ta yi tsaki.

"Kuskure aka yi wajen saye. Waɗannan na fiffiken hagu ne. An ce baki mai murɗe dama sai gashin fiffiken dama. Kuma ba a haɗa hagu da dama a kibiya ɗaya, kowanne zai ja ta nasa gefen. Ashe duk wanda muke saye a da na dama ne, sa'a muka yi."

Ta jefa ledar cikin mota ta ci gaba da harkarta. Ba ta tuna da wancan taron ba, ko kuwa ba ta haɗa biyun ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da kibiya, jan tsumma da baƙi suna yawo a idona. Da na koma gida na kwantar da gashin hagu da na dama a tafin hannuna. Ko makaho zai ji bambancin da yatsa: kowanne ya lanƙwasa ya ba ɗayan baya. Abin da mutumin yake so ya nuna mini ke nan na karɓe daga hannunsa.

A nan laifina na biyu ya fara, kuma a wurina ya fi na farko. Na farko cikin tsoro na yi shi, cikin minti kaɗan. Na biyu da hankalina na yi shi, shekara huɗu. Na sani, na yi shiru. Nakan shirya maganar da zan yi masa a cikin mota, in mun iso mahaɗar sai in ce yau akwai aiki, mako mai zuwa. Nakan roƙi gafara bayan salla, alhali na san hakkin mutum ba a sallaya ake sauke shi ba.

Abin da ya tayar da ni ƙarami ne. Wani sabon ɗalibi, injiniya, yana so ya sayi jig na tafiya, Madam ta turo shi wurina. Na zaunar da shi na yi masa bayani. Na ce ya fara duba kaurin kibansa, ya duba ko abin yana tsayawa daram idan an ajiye shi a ƙasa mara daidai, don a fili ba tebur. Na ce in zai sayi baki ɗaya ne, ya sayi miƙaƙƙe. In kuwa mai murɗe yake so, ya san gashin da zai riƙa samu tukuna. Sai na ji bakina yana cewa, "Kada ka haɗa su. Hannun dama daban, hannun hagu daban."

Madam tana jin mu. Ta ce wa injiniyan, "Ka ji ko? Irin wannan sanin ba a makaranta ake samunsa ba. Baba gado ya yi."

Yabon nan ba nawa ba ne, na Sarki ne. Ranar Talata na sauka a mahaɗar.

Na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana fafe turmi. Ya rame, ya tsufa fiye da yadda na zata. Babu talotalo ko ɗaya a gidan, sai kaji. Matarsa ta fara ganina.

"A'a. Mutanen Gwarinpa ne a ƙauye? Ka kula da takalminka, Malam, nan juji ne."

Na ce na cancanci fiye da haka. Ta kawo mini ruwa duk da haka, ta ajiye da ɗan ƙarfi.

Na tsuguna gabansa na faɗi komai, tun daga kwance damin har ledar da ta tona ni, har shekarun da na yi shiru. Wannan karon da na gama na rufe bakina. Na ga yana neman kalma, na danne harshena da haƙori.

"Na sani tun ranar," ya ce. "Na gani a kibiya."

"Ka yafe mini, Sarki."

"Malam, a ina ka zage ni?"

"A Gwarinpa."

"To me ya sa ka kawo haƙuri nan? Nan ba wanda ya ji. Kaji ne kawai."

Matarsa ta ce, "Kaji da ni. Ni na ga yadda ya dawo ranar. Kwana uku bai ci abinci ba. Mutumin da ko fasto yakan tambaye shi shawara, an mayar da shi abin dariya a gaban yara."

Na tashi na yi sallama.

Asabar ta zo. Yawancin waɗanda suka ga abin sun watse, wasu an yi musu canjin wurin aiki, wasu sun daina zuwa. Amma nas tana nan, da mutum uku ko huɗu na da. Kafin a fara harbi na roƙi Madam ta tara mini su. Na tsaya a inda na tsaya wancan karon na faɗa musu gaskiya. Sababbin ɗalibai suna kallona ba su san kan zancen ba, dole na faro musu daga farko, wanda ya ƙara mini nauyi. Nas ta dubi bayan hannunta ta ce ita ta daɗe da mantawa. Madam ba ta ce ta manta ba.

"Shekara huɗu, Baba? Kana zuwa nan duk mako kana cin abincina?"

"Haka ne, Madam."

"Ni ma na tsaya ina ji ka zage shi ban hana ka ba. Gobe bayan coci ka jira ni a Dutse, kan hanyar Bwari. Kai za ka nuna mini hanya."

Muka je mu uku, har da nas. Madam ba ta yi mini magana a hanya ba sai tambayar inda za ta karya kwana. Da muka isa, maƙwabta suka fito ganin mota. Matar Sarki ta shimfiɗa tabarma, ba ta kori kowa ba, har ma ta kira wasu ta katanga. A gabansu na maimaita abin da na faɗa a Gwarinpa, na faɗi sunan da na kira shi da shi ban ɓoye ba, na ce ni ne jahilin ranar. Wani dattijo ya yi magana da Gbagyi, aka yi gunaguni, ba a fassara mini ba, ban kuma nema ba. Madam ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ta roƙe shi ya dawo ya nuna wa ɗalibanta yadda ake bambance gashi.

Ya girgiza kai. "Na tsufa, Madam. Talotalo ma na daina. Malam ya iya yanzu, shi ya nuna."

Sannan ya dube ni ya ce, "Ya wuce."

Matarsa ta ce, "A wurinsa. Ni tukuna." Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Aka kawo abinci muka ci. Ya yi ta hira da nas a kan ciwon gwiwarsa, yana jan maganarsa a hankali yadda ya saba, tana jiransa har ya gama. Ni ban sa baki ba. A zaman nan na ji labarai biyu a bakinsa da ban taɓa jin ƙarshensu ba duk tsawon zamanmu.

Da za mu tafi ya tashi rakiya. A da yakan taka da ni har bakin titi, tafiyar kusan rabin awa, muna tsayawa a gonar kowa. Ranar a ƙofar gida ya tsaya, ya ba ni hannu, ya ce in gaida iyali. Yanzu nakan sauka a mahaɗar wata-wata. Yana karɓata da fara'a, a kawo ruwa, mu yi zancen damina da tsadar taki. Bai ƙara kai ni bakin titi ba. Wataƙila gwiwar ce. Ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar, kuma na san ba zai yi mini ƙarya ba.